Yadda Ake Zaɓen Sandar Fatsa Mai Wayar Nuni Don Kamun Kifi a Ƙarƙashin Ƙanƙara

A ƙasashen da tafkuna ke daskarewa lokacin hunturu, irin su Kanada da Rasha da jihohin Minnesota da Wisconsin na arewacin Amurka, masunta kan huda ƙanƙara su zura zare ta ramin don kama kifin da ke ƙasa. Ruwan da ke ƙarƙashin ƙanƙarar yana tsakanin digiri 0 da 4 ne a ma'aunin Salshiyas, kuma a irin wannan sanyi kifi ba shi da kuzari, saboda haka ba ya kai wa koto cafka kamar yadda yake yi da rani. Sai dai ya matso a hankali, ya tsotsa, idan abin bai yi masa ba ya tofar kafin ƙiftawar ido. Hannun mutum ba ya jin wannan taɓawar, balle hannun da ke cikin safa. Wannan ne ya sa ake ɗaura wata siririyar waya mai lanƙwasa a bakin sandar fatsa, zaren ya bi ta cikin zoben da ke ƙarshenta, ta yadda duk abin da ya taɓa ƙugiya sai wayar ta motsa. Aikinta ke nan, ta nuna wa ido abin da hannu ya kasa ji, kuma ƙananan kifaye irin su bulugil da kirafi aka fi yi wa ita.

Kuskuren da masu saye suka fi yi shi ne su fara zaɓen sanda, daga baya su nemi abin da za su ɗaura mata. Daidai shi ne a fara da nauyin ƙugiyar da za a riƙa amfani da ita, domin shi ne zai fayyace irin wayar da ta dace, wayar kuma ta fayyace irin sandar. Ƙugiyoyin wannan sana'a suna da ɗan kai mai nauyi wanda ake yi da darma ko da ƙarfen tangistan, kuma na tangistan ana auna girmansu da milimita, galibi 3 ko 4 ko 5. Tangistan ya fi darma nauyi nesa ba kusa ba, tun da kowane dunƙulen tsantsarsa mai santimita ɗaya a tsawo da faɗi da kauri ya kai kimanin giram 19, alhali darma ba ta wuce giram 11 da ɗoriya ba. Don haka ƙugiya biyu masu girma ɗaya a ido za su iya lanƙwasa waya ɗaya ta hanya dabam-dabam, kuma wayar da ta yi daidai da ta darma tana iya sunkuyawa gaba ɗaya idan aka ɗaura mata ta tangistan.

Gwajin ba shi da wuya. Ka ɗaura ƙugiyar, ka riƙe sandar a kwance, ka bar ƙugiyar ta yi reto, sannan ka dubi wayar. Idan ta tsaya a miƙe kamar babu komai a jikinta, ta yi tauri, kuma kifi zai taɓa ya tafi ba ta nuna ba. Idan kuwa ta sunkuya har bakinta yana kallon ƙasa, ta yi laushi, ba ta da sauran inda za ta lanƙwasa. Abin da ake nema shi ne ta ɗan rusuna, ta tsaya a tsaka-tsaki, yadda take da sararin yin ƙasa da kuma sararin komawa sama. Wannan komawa sama ita ce babbar fa'idar wayar, kuma ita ce wadda sababbin shiga ba su cika lura da ita ba. Kirafi yakan taso wa koto daga ƙasa, ya ɗauke shi a baki yana ci gaba da yin sama, saboda haka ba ya jan zare ko kaɗan. Nauyin ƙugiyar ne kawai ke gushewa. A wannan lokaci wayar da take rusune sai ta miƙe, kuma miƙewar ita ce alamar a fizga. Wayar da tun farko take miƙe ba ta da yadda za ta ba da wannan labari. Yana da kyau a maimaita gwajin da ƙugiyar cikin bokitin ruwa, domin ruwa yana ɗan rage mata nauyi, kuma a haɗa da koton da za a saka.

Game da abin da aka yi wayar da shi, iri uku aka fi samu. Akwai wadda aka yi da garwayen titaniyam da nikel, wadda ko an lanƙwasa ta sosai takan koma yadda take, kuma a ganina ita ce ta fi dacewa da wanda ke yawan tashi daga rami zuwa rami, yana cusa sanda cikin jaka yana zarowa. Akwai ta sifirin, wato wayar ƙarfe da aka murɗa, mai saurin motsi ƙwarai, amma ruwa yana shiga tsakanin murɗe-murɗenta ya daskare, musamman irin wadda zaren ke bi ta cikinta. Akwai kuma ta faffaɗan ƙarfe marar kauri, wadda take yin sama da ƙasa kawai, ba ta karkata gefe, sai dai idan ta taɓa karyewa a gaɓa ɗaya ba ta sake komawa daidai.

Zoben da ke bakin wayar ƙaramin abu ne, amma shi ke raba sandar da za a ji daɗinta da wadda za ta zama wahala. Duk lokacin da aka naɗo zare yakan taho da ɗigon ruwa, ɗigon ya tsaya a zoben ya zama ƙanƙara, har zaren ya daina wucewa. Wanda ke zama cikin tanti mai abin ɗumama wuri ba zai damu da wannan ba, amma mai zama a fili ya nemi zobe mai faɗi wanda zai iya sharewa da yatsa. Ya kuma tabbata akwai ɗan ƙwallo ko fenti mai launin lemo ko ja a bakin wayar, domin siririyar waya ba ta ganuwa idan bayanta farin dusar ƙanƙara ne.

Ita kanta sandar, ya kamata ta fi wayar tauri sosai. Mutane da yawa suna zaton laushi a kan laushi zai ƙara nuna motsi, amma ba haka abin yake ba: idan bakin sandar ma yana lanƙwasa tare da wayar, motsin kifi sai ya rabu tsakanin su biyun, kuma idan aka fizga, ƙarfin hannu zai ƙare wajen miƙar da su kafin ya isa ga ƙugiya. Sandar girafait, wato wadda aka yi da zaren kabon, wadda ƙarshenta kaɗai ke lanƙwasa, jikinta kuma yana da ƙarfi, ita ce ta fi dacewa. Sandunan faibagilas, wato waɗanda aka yi da zaren gilashi, masu baki mai laushi ƙwarai an yi su ne don su yi aikin wayar da kansu, saboda haka ƙara musu waya ɓata su ne. Tsayi kuwa ya danganta da wurin zama. Cikin tanti, inci 24 zuwa 28 ya wadatar, don kada a riƙa bugun rufi wajen fizga. A fili kuma, inda mutum ke tsaye ko durƙushe, inci 30 zuwa 36 ya fi sauƙin kai bakin sandar kusa da ramin. A tuna cewa wayar da kanta tana ƙara wasu inci a kan tsayin.

Akwai sandunan da ke zuwa da wayarsu tun daga masana'anta, kamar wasu na kamfanin St. Croix, akwai kuma wayoyin da ake saye dabam a maƙala. Wadda ta zo a haɗe ta fi zama daidai da layin zobban sandar, abin da ke hana zare sarƙewa. Ko wace iri ce, a fifita wadda ake iya turawa gaba ko jawowa baya, domin idan aka ƙara tsawon abin da ya fito sai ta ƙara laushi, idan aka rage sai ta ƙara tauri, kuma da haka sanda ɗaya za ta ɗauki ƙugiya masu nauyi dabam-dabam. Wadda ake iya musanyawa ko mayarwa ciki lokacin ajiya ta fi daɗewa, tun da yawancin wayoyin a jaka suke lalacewa, ba a bakin rami ba.

Zaren ma yana da hannu a cikin lamarin. Siririn zare mai iya ɗaukar nauyin laba 2 zuwa 4 kafin ya tsinke ake so, domin zare mai kauri yakan riƙe siffar naɗinsa a cikin sanyi, kuma ƙaramar ƙugiya ba za ta iya miƙar da shi ba. Muddin zaren bai miƙe ba, taɓawar kifi ba za ta iso wayar ba. Faifan naɗi wanda ke sakin zare kai tsaye ba tare da murɗa shi ba yana hana ƙugiya juyawa a cikin ruwa, abin da ke korar kifin da ya tsaya yana dubawa.

Akwai kuma inda wayar ba ta da amfani, kuma ya kamata mai saye ya san da haka kafin ya kashe kuɗinsa. Koto mai nauyi irin na ƙarfe mai siffar cokali, wanda ake yi wa manyan kifaye masu farauta, zai danne ta gaba ɗaya, kuma irin waɗannan kifaye hannu ma yana jin cafkarsu. Iska mai ƙarfi ita ma tana kaɗa wayar har a kasa bambance motsin kifi da na iska, saboda haka wanda ya san yawancin kamunsa a fili zai yi shi ya zaɓi waya gajera mai ɗan tauri, ya juya wa iskar baya, ya kuma saukar da bakin sandar dab da ramin.