Yadda likita zai yi rubutun asibiti da ƙirƙirarriyar basira ba tare da ya ƙara wa kansa nauyi ba

A shekarar 2016 an wallafa wani bincike a mujallar Annals of Internal Medicine, inda aka bi likitoci 57 a Amurka ana ƙirga yadda suke kashe lokacinsu. Duk awa ɗaya da suka yi gaba da gaba da majiyyaci, sai sun ƙara kusan awa biyu a kan kwamfuta da aikin tebur, ban da wanda suke ɗauka zuwa gida da dare. Wanda ya taɓa tashi daga sashen duba majiyyata masu zuwa su koma gida da la'asar ya tarar da tulin folda na jiransa ba ya buƙatar alƙaluma. Gajiyar ba a hannu take ba, a ka take. Mai rubuta takardar sallama yana riƙe da abin da ya kawo majiyyaci, da sakamakon gwajin da ya fito jiya, da maganin da aka canza ranar Talata, da abin da likitan da zai karanta takardar yake buƙatar sani, duk a lokaci guda, nas kuma tana bakin ƙofa tana jiran sa hannu.

Manhajojin ƙirƙirarriyar basira suna ɗauke wani ɓangare na wannan kaya: neman kalmar farawa, jera jimloli, gyaran Turanci. Amma suna ajiye wani a madadinsa, wato tantance rubutun da ba kai ka yi ba. Wannan aiki ne na daban, kuma gajiyarsa ta daban ce.

Binciken da aka yi ya nuna hakan. A asibitin Jami'ar Stanford da ke Amurka, ma'aikatan lafiya 162 sun gwada manhajar da ke tsara musu amsar saƙonnin majiyyata na tsawon mako biyar. Sakamakon da aka fitar a 2024 ya nuna lokacin da suke kashewa bai ragu ba, kuma kusan ɗaya cikin biyar na daftarin kawai suka yi amfani da shi, amma sun ce nauyin aikin ya ragu musu. A asibitocin Kaiser Permanente na arewacin Kalifoniya, manhajar da ke sauraron ganawa ta rubuta bayani ta yi aiki a ganawa sama da miliyan 2.5, aka ƙiyasta ta rage awa fiye da 15,000. Adadi ne mai girma, amma idan aka raba shi, sakan ashirin da 'yan kai ne a kowace ganawa. Saboda haka kada a shiga da tsammanin tashi da wuri. Ribar da za a nema ita ce sararin kai, kuma tsarin aiki ne yake samar da ita.

Me za a ba manhaja, me za a riƙe

A ba ta rubutun da bayanansa suka riga suka kammala, tsari kawai ya rage: takardar sallama, wasiƙar tura majiyyaci zuwa babban asibiti, rahoton da ma'aikata ko kamfanin inshora suka nema, takardar bayani ga majiyyaci cikin harshe mai sauƙi.

A riƙe sashen da likita yake faɗin abin da yake zato da matakin da zai ɗauka. A tsarin rubutu mai sassa huɗu da likitan Amurka Lawrence Weed ya yaɗa tun shekarun 1960, wato koken majiyyaci, abin da aka gani a jiki da gwaji, hukuncin likita, sannan shiri, sassa biyu na ƙarshe nan ne tunani yake faruwa. Sau da yawa a tsakiyar rubuta su ne mutum yake ankara cewa zazzaɓin kwana goma da bai ji maganin maleriya ba yana neman wata tambayar. Idan manhaja ta riga ta rubuta «maleriya» cikin Turanci mai santsi, ido yakan wuce ya amince. Likitocin da ke shekarar sanin makamar aiki su ne suka fi buƙatar riƙe wannan sashe da hannunsu, domin a nan ake koyon aikin.

Kafin a liƙa komai a manhaja

A cire suna, lambar kati, lambar waya, unguwa da ainihin ranakun kwanciya. A rubuta «kwana na 1», «kwana na 4» a madadinsu. A lura da abin da ke tona mutum ko babu suna: «matar mai garin ƙauye kaza, 'yar shekara 34, mai cikin tagwaye» suna ne cikakke ga duk wanda ya san yankin. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kulawa ta musamman, kuma manhajar kyauta da ke wayar likita ba ta da wata yarjejeniya da asibitinsa. Idan ana son naɗar muryar ganawa, sai an gaya wa majiyyaci ya amince, a kuma rubuta a folda cewa ya amince.

Yadda za a ba ta umarni

Mafi yawan wahalar tantancewa daga umarni mara iyaka take tasowa. Wanda ya ce «rubuta mini takardar sallama ta yaro mai maleriya mai tsanani» zai samu shafi biyu cike da abubuwan da yawanci ake samu a irin wannan yaro, ba abubuwan da aka samu a nasa ba. Daga nan sai ya zauna tsince tsakuwa a cikin shinkafa.

A fara da rubuta gaɓoɓin da kai, layi takwas zuwa goma sha biyu, ko da a gajarce: shekaru da nauyi, abin da ya kawo shi, abin da aka gani, gwaje-gwaje da alƙalumansu, magungunan da aka ba shi da adadinsu, halin da ya fita, maganin gida, ranar dawowa. Sai a haɗa da sharuɗɗa uku. Kada ta ƙara komai da ba ya cikin gaɓoɓin. Duk inda bayani ya ɓace, ta rubuta «BABU BAYANI» da manyan baƙaƙe maimakon ta cike gurbin. Kada ta wuce kalma 250. Sharaɗi na uku yana da amfani fiye da yadda ake zato, domin duk layin da ta ƙara, kai ne za ka karanta shi, sannan likitan da ke can ƙaramin asibiti ya sake karantawa. A ajiye wannan umarni a waya a riƙa liƙawa, kada a riƙa ƙirƙiro sabo kullum.

Tantancewa

Kada a karanta daftarin daga sama zuwa ƙasa kamar jarida. Rubutu mai daɗin karantawa yana sa ido barci, kuma kurakuran waɗannan manhajoji ba sa zuwa da alama, jimlar ƙarya da ta gaskiya kamanninsu ɗaya. A ajiye folda a gefe, a bi daftarin sau uku, kowane zagaye da abin da ake nema.

Zagayen farko na magunguna ne kawai: suna, adadi, ma'auni, sau nawa, kwana nawa. A ɗauki yaro mai kilo 14 da aka yi wa allurar artesunate, ta maleriya mai tsanani. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce miligiram 3 a kowane kilo ga yaron da bai kai kilo 20 ba, wato miligiram 42. Adadin da ya fi yawo a rubuce-rubuce shi ne 2.4, na manya da yara masu nauyi, wanda zai ba da 33.6. Manhajar da aka bari ta cike gurbi tana iya ɗauko wanda ta fi gani. Haka methotrexate da ake sha sau ɗaya a mako don ciwon gaɓoɓi: idan ya koma «kullum» a takarda, kuskure ne da aka san ya kashe mutane tun kafin zuwan waɗannan manhajoji. A duba ɗigon da ke tsakanin 0.5 da 5, a duba miligiram da maikirogiram. Lissafin adadi kuwa a yi shi da kalkuleta, kada a bar mata.

Zagaye na biyu na ƙananan kalmomin da ke juya ma'ana ne: akwai ko babu, hagu ko dama, ya daina sha ko yana sha, shi ne mai ciwon ko mahaifinsa.

Na uku shi ne neman abin da ba a yi ba. Manhaja tana son cikakken rubutu, sai ta sa «ƙirji lafiya, ciki lafiya, jijiyoyi lafiya» alhali ƙafa kawai aka duba. Da zarar an sa hannu, ya zama likita ya shaida ya duba. A goge. Abin da ta tsallake ya fi wuyar kamawa, tun da babu abin da ido zai tsaya a kai, shi ya sa ake komawa ga gaɓoɓin farko a bi su ɗaya bayan ɗaya, musamman maganin da jikin majiyyaci ba ya karɓa da gwajin da sakamakonsa bai fito ba tukuna.

A yi wannan da zarar majiyyaci ya fita, tun yana cikin kai. Tara daftari talatin zuwa yamma, ko tantancewa bayan kwanan asibiti, shi ne yadda ake sa hannu a kan abin da ba a karanta ba.

Idan ganawar da Hausa aka yi

Likita a Kano ko Sakkwato yana jin koke da Hausa ya rubuta da Turanci, na Maraɗi ko Damagaram ya rubuta da Faransanci. Fassarar nan da ake yi a ka wani nauyi ne, amma miƙa ta ga manhaja yana da tarko. Uwa ta ce yaronta yana da shawara, tana nufin idonsa ya yi rawaya, manhaja ta fassara da neman ra'ayi. «Sanyi» a bakin wata mace ruwa ne ke fita, a bakin dattijo ciwon gaɓoɓi ne. «Basir» kuwa jaka ce da ake zuba cututtuka da dama a ciki. Ga kuma ɗaki mai murya uku: majiyyaciya ta yi shiru, miji yana bayani, uwar miji ta sako zancen nata hawan jinin, ya ƙare a tarihin matar. Ko da Turanci ma, wani bincike na 2024 da masana daga Jami'ar Cornell suka jagoranta ya gano manhajar Whisper, mai mayar da murya rubutu, tana ƙirƙiro jimlolin da ba wanda ya furta a kusan ɗaya cikin ɗari na naɗin da aka gwada, kuma abin ya fi faruwa inda mai magana yake yawan yin shiru. Hanya mafi aminci ita ce likita ya faɗi taƙaitaccen bayani da bakinsa cikin harshen rubutu bayan ganawa, minti ɗaya ko biyu, manhaja ta tsara wannan.

Rubutun mujalla

Tun 2023 kwamitin editocin mujallun likitanci na duniya ya ce ba a sa manhaja a jerin marubuta, kuma dole a bayyana inda aka yi amfani da ita. Ta gyara Turanci, ta rage tsawon taƙaitawa zuwa adadin kalmomin da mujalla ta gindaya. Kada a nemi ta kawo madogara, domin tana iya haɗa sunan marubuci na gaskiya da taken da babu shi. Duk wanda ta ambata, a nemi takensa a PubMed, rumbun binciken likitanci na intanet, a buɗe, a ga ko ya faɗi abin da aka jingina masa.

Gwada ko tana rage maka nauyi

Masu bincike kan auna nauyin aiki da ma'aunin NASA-TLX, mai tambayoyi shida da suka haɗa da wahalar tunani, matsin lokaci da takaici. Likita ɗaya ba ya buƙatar duka. A ɗauki nau'in rubutu guda, a yi goma da hannu, goma da manhaja. A kowanne a rubuta mintunan da ya ci har zuwa sa hannu, yawan gyaran da ya shafi magani ko gaskiyar bayani, da makin gajiya daga 0 zuwa 10. A ƙirga lokacin rubuta gaɓoɓi da na tantancewa a ciki, don nan ne mutane suke yaudarar kansu. Idan ana sake rubuta fiye da kashi ɗaya cikin uku na kowane daftari, a gyara umarnin a sake gwada goma. Idan bai canza ba, a mayar da wannan nau'in ga biro, a gwada wasiƙar turawa.