Darasi na 6: Lanƙwasa Farantin Ƙarfe

Duk wanda ya shiga Panteka a Kaduna, ko kasuwar Katako a Yamai, ya ga yadda shimfiɗaɗɗen faranti ke komawa akwati, murhu, mazubin abincin kaji ko tiren gasa burodi. Mai kallo cewa zai yi aikin guduma ne. Amma tun kafin a ɗaga guduma, awo ya riga ya yanke hukuncin ko kayan zai yi kyau ko zai lalace.

Me ke faruwa a wurin lanƙwasa?

Tanƙwara yatsanka ka duba. Fatar baya ta miƙe, ta ciki ta tattare. Haka ƙarfe yake: bayan kwana yana miƙewa, cikinta yana matsewa. Saboda haka, in ka auna gefuna biyu ta waje bayan lanƙwasa, jimlarsu takan fi tsawon farantin da ka yanka. Nan ne sabon yaron shago ke faɗuwa. Ya haɗa lissafi daidai, ya yanka, ya lanƙwasa, sai murfi ya ƙi shiga akwati, maigida ya hau faɗa.

Gwaji da guntu

Ba sai ka iya dogon lissafi ba. Yanki guntu mai tsawon milimita 100 daga farantin da za ka yi aiki da shi. Ja layi a tsakiya, ka lanƙwasa shi kwana sosai, wato digiri 90. Auna kowane gefe ta waje, ka haɗa. A ce faranti mai kaurin milimita 2 ne, jimla ta ba ka 103 da rabi. Ke nan kowace kwana tana ƙara maka 3 da rabi, kuma su za ka cire kafin yanka.

Ga misali. Kana son tire mai faɗin milimita 300, tsayin bakinsa 50 a kowane gefe.

300 + 50 + 50 = 400
Kwana biyu: 3.5 + 3.5 = 7
400 − 7 = 393

Milimita 393 za ka yanka. In ka sauya kaurin faranti, ko ka koma wani injin lanƙwasa, sake gwajin. Rubuta sakamakon a littafi, ko da alli a bangon shago. Guntun da ka ɓata bai kai kuɗin shayi ba, faranti guda kuwa ka san farashinsa.

Ƙarfe yana ja da baya

In ka kai shi kwana daidai ka saki, zai ɗan buɗe. Don haka a ɗan zarce da shi kaɗan, sannan a saki a sa sukwaya, wato ma'aunin kwana mai digiri 90, a duba. Ƙarfen da ba ya tsatsa ya fi baƙin ƙarfe taurin kai a nan.

Kada kwana ta yi kaifi

Kwana mai kaifi kamar bakin wuƙa tana tsaga ƙarfe ta baya. A baƙin ƙarfe, bari cikin kwana ya yi zagaye kamar an naɗa farantin a jikin rodi mai ninki biyu na kaurinsa. Alminiyam mai tauri yana son zagaye fiye da haka, in ba haka ba ya dare. In kana lanƙwasawa da hannu, matse farantin tsakanin ƙarafa biyu miƙaƙƙu, ka ɗora katako a kai kana bugu, daga wannan gefe zuwa wancan, kaɗan-kaɗan. Guduma kai tsaye tana barin tabo, mai saye kuma yana gani.

Huji da kusurwa

Hujin da ya matso kusa da kwana yakan miƙe ya zama kamar ƙwai, noti ya ƙi zama. Ka nisanta shi da kwana kamar ninki uku na kaurin farantin, ko ka bari sai an gama lanƙwasa ka huda. Inda kwana biyu za su haɗu, kamar kusurwar tire, cire ɗan murabba'i tukuna don ƙarfen ya sami wurin shiga.

Bakin faranti yana yanka hannu, naka da na matar da za ta ɗauki tiren. Kalmashe shi ciki kamar yadda tela ke kalmashe bakin riga. Hakan yana ƙara masa ƙarfi ma. Sa safar hannu. In farantin mai ruwan zinki ne kuma za a yi masa walda, a yi a fili, domin hayaƙinsa yana sa zazzaɓi.

Abu ɗaya game da geji, wato lambar da ke nuna kaurin faranti: lamba na hawa, faranti na sirancewa. Geji 20 ya fi geji 16 siranta.

Aikin yi

1. Ɗauki kwali mai kauri, ka yanki tsawon milimita 100, ka lanƙwasa, ka auna gefunan ta waje. Nawa ka samu?
2. Za ka yi mazubi mai faɗin 200, bakinsa 40 a kowane gefe. Kowace kwana tana ƙara 3. Nawa za ka yanka?