Ka sa wa kwamfuta sabon kaya ta ƙi tashi? Ga yadda nake bin sawun matsalar

Kwamfutar da ta kwana lafiya, da safe ka buɗe cikinta ka ƙara mata ram (ma'ajiyar wucin gadi da take aiki da ita) ko ka sa mata katin hoto (wanda ke aika hoto zuwa sikirin), sannan ta yi gum, da wuya a ce ƙonewa ta yi. Yawancin waɗanda ake kawo min shago a rungume, mai ita na cewa "Malam, bod ɗin ne ya tafi," abin da ke damunsu bai wuce waya ɗaya da ba ta shiga ba, ko ram da ya zauna a karkace. Ruwa ba ya tsami banza, kuma a nan mun san wanda ya tsamar da shi: inda hannunka ya taɓa, can matsalar take. Don haka kafin ka ɗebi kuɗi ka nufi Beirut Road neman wani bod, wato babban faifan da duk kayan ciki ke haɗe a kansa, ka bi ta sannu. Abu ɗaya za ka riƙa canzawa, ka kunna, ka ga abin da ya faru, sannan ka taɓa na gaba. Wanda ya zare ram, ya cire batir, ya sauya waya duk a tashi ɗaya, ko ta tashi bai san me ya gyara ba.

Duk lokacin da za ka sa hannu a ciki, zare wayar wuta gaba ɗaya, ka danne maɓallin kunnawa na ɗan lokaci don ragowar wutar ta fita. Ka taɓa ƙarfen akwatin kafin ka taɓa ram ko bod, musamman da hunturu, lokacin da iska ta bushe har kana jin tartsatsi idan ka cire rigar sanyi. Wannan ɗan tartsatsin ya isa ya kashe ram. Fawa fak kuwa, wato akwatin da ke raba wa kayan ciki wuta, ba a buɗe shi, ko a kashe yake yana iya riƙe wutar da za ta ji maka.

Yanzu kunna ta ka tsaya ka kalla, ka kuma saurara. Ba ta motsa ko kaɗan? Ko fanka na juyawa amma sikirin baƙi ƙirin? Ko kuwa tambarin kamfani na fitowa amma Windows ya ƙi shiga? Kowanne da hanyarsa.

Idan ko gezau ba ta yi, fara daga bango. Jona fitila ko cajar waya a soket ɗin ka tabbatar da wuta. Filogi mai ƙafa 3 yana da fis a cikinsa, yakan mutu shiru, saboda haka gwada wata wayar, ta monita ma ta isa idan bakinsu ɗaya. A bayan fawa fak akwai ɗan makunni mai I da O, mutane kan kashe shi kafin aiki su manta. Idan fawa fak ɗin ne ka canza, kuma na hannu ne da ya fito daga Amurka, duba ko yana da ɗan jan makunni mai 115 da 230 tun kafin ka jona shi. Wutarsu 120 ce, tamu 230. In yana kan 115 ka ba shi tamu, ƙara ɗaya za ka ji, sai hayaƙi. Sababbi ba su da wannan makunnin, za ka ga an rubuta 100 zuwa 240 a jikinsu.

Daga nan ka shiga ciki. Babbar wayar nan mai rami 24 da ta taso daga fawa fak zuwa bod tana da tauri, kuma tana iya yin kamar ta shiga alhali gefe ɗaya a ɗage yake. Danna ta har ɗan maƙalinta ya kama. Sai siririyar wayar da ta taso daga maɓallin gaba, wadda aka rubuta wa POWER SW. Ita ce hannu ya fi fizgewa ba a sani ba wajen cusa katin hoto. Idan kana shakkar maɓallin ne, zare ta, ka sa bakin sukuddireba ya haɗa ƙafafun nan biyu na bod da ka zare ta daga kansu na daƙiƙa ɗaya. In ta tashi, bod lafiya lau yake.

Akwai wadda fankarta za ta ɗan zabura ta tsaya. Wannan yawanci fawa fak ne ke kare kansa saboda wani abu na haɗa wuta. Ɗaga akwatin ka girgiza a hankali, ko za ka ji sukurun da ya faɗa yana yawo. In bod ka canza, duba 'yan ƙusoshin tagullan da yake zama a kansu: kowanne dole ya dace da ramin sukuru, wanda ya rage a ƙasa babu rami to bayan bod yake taɓawa. Ni idan abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, fito da bod ɗin nake yi in ɗora a kan kwali, in bar masa furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, da fankarta da ram ɗaya kawai, in kunna da sukuddireba.

Ana gwada fawa fak shi kaɗai ta hanyar zare shi daga komai, a haɗa koriyar waya da baƙa a jikin mai rami 24 da ɗan guntun ƙarfe, a ga ko fankarsa za ta juya. Amma wannan na gama-gari ne. Kwamfutocin ofis na hannu da suka cika kasuwarmu, irin OptiPlex 7020 da 9020, wayarsu mai rami 8 ce ta kamfanin, ba ta bin wannan tsarin. Da yawa daga cikin na Dell suna da ɗan maɓallin gwaji da fitila a bayan fawa fak, shi za ka danna. Kuma fawa fak mai wayoyin da ake cirewa, kada ka sa masa wayar wani ko da bakin ya shiga daidai, domin jerin wutarsu ba ɗaya ba ne. Haka ake ƙona had dis da duk abin da ke ciki.

Wadda ta fi yawa ita ce ta biyu: fanka na gudu, fitila na ci, sikirin shiru. Kafin komai leƙa baya. In ka sa katin hoto, wayar monita a jikin katin za ta koma, can ƙasa, ba ta ci gaba da zama a ramin bod na sama ba. Wani yaro ɗan jami'a ya taɓa kawo min tasa a Keke Napep, gumi sharkaf, yana cewa "Baba, katin jabu suka sayar min." Na sauke wayar HDMI daga sama zuwa ƙasa, hoto ya fito. Ya daɗe yana kallon wayar kafin ya ce nawa zai bayar.

In ba wannan ba ne, to ram, ko da ba shi ka canza ba, don gwiwar hannu kawai kan gusar da shi. Ram na buƙatar ƙarfi fiye da yadda sabon shiga ke zato. Buɗe maƙalan gefe, daidaita tsagar da ke ƙasansa da ɗan tudun da ke cikin ramin, ka sa manyan yatsu biyu a ƙarshensa biyu ka danna har ka ji ƙas, maƙalan su rufe da kansu. In kai ne ka ja maƙalin da hannu ya rufe, bai zauna ba. Haska tocila ka duba: in kana hango ruwan zinaren ƙafafunsa a gefe ɗaya, sake shi. Ka fara da guda ɗaya tak, tsohon da ka san yana aiki. In ta tashi, kashe, ka sa sabon shi kaɗai a wannan ramin. A nan gaskiya ke fitowa. A bod mai rami 4, guda biyu yawanci a rami na 2 da na 4 suke zama idan ka ƙirgo daga furosesa. In ƙafafun sun yi duhu, goge su da kilinar fensir, ka kaɗe ƙurar ramin da busasshen buroshi, kada ka hura da baki.

Sannan karanta takardar da ke manne a jikinsa, domin ba duk ram da ya shiga rami ne zai yi aiki ba. A DDR3 za ka ga abu kamar PC3-12800U. Harafin ƙarshen nan shi ne magana. U na kwamfutar gida ne. In R ka gani, kamar PC3-10600R, na manyan kwamfutocin kamfanoni ne da ake kira saba (server), shi ya sa ya yi araha, kuma zai shiga ramin tsaf amma ba za ta taɓa tashi da shi ba. Tsofaffin bod na zamanin Core 2 Duo kuma sukan ƙi ram mai 4GB da ke da ƙwaya 8 a gefe ɗaya, su karɓi mai 16 a gefe biyu. DDR3 da DDR4 da DDR5 tsagarsu ba wuri ɗaya take ba, in ya ƙi shiga kada ka yi masa dole. Sabuwar kwamfuta mai DDR5 kuwa, kunnawar farko bayan an taɓa ram tana iya ɗaukar 'yan mintuna sikirin na baƙi tana daidaita kanta. Ka ba ta lokaci kafin ka fara zarge-zarge.

Kwamfutar ma tana faɗin abin da ke damunta in ka kula. Sababbin bod da yawa suna da ƙananan fitilu 4 da aka rubuta wa CPU (furosesa), DRAM (ram), VGA (hoto) da BOOT (dis), inda fitilar ta tsaya nan ta maƙale. Tsofaffin HP na ofis irin Elite 8200 da 8300 jar fitila suke ƙiftawa tare da ƙara: sau 5 ram ne, sau 6 ɓangaren hoto, sau 4 kaya sun yi wa fawa fak nauyi. Kowane kamfani da nasa lissafin, sai ka nemi na taka da lambarta. Wata dabara: zare ram ɗin duka ka kunna. In tana da 'yar lasifika kuma ta yi kuka, bod da furosesa suna da rai.

Katin hoto na da tasa rigimar. Ramin bod 75W kawai yake iya ba shi, wanda ya fi haka sai an jona masa waya mai rami 6 ko 8 daga fawa fak. Kada ka rikita ta da mai rami 8 ta furosesa: ta katin tana rabuwa 6 da 2, ta furosesa 4 da 4. Ita ma ta furosesar, can a kusurwar sama, in an manta da ita haka fanka za ta yi ta gudu babu hoto. Ƙananan kwamfutocin ofis kuma fawa fak ɗinsu bai fi 240W ko kusa da haka ba, ba a yi su don babban kati ba. GT 1030 ko GTX 1050 Ti mara wayar ƙari su ne daidai su.

In furosesa ka canza, shigarta rami ba ya nufin bod ya san ta. Intel na ƙarni na 8 da na 9 suna shiga ramin furosesa mai suna LGA1151 kamar na 6 da na 7, amma sai bod mai lamba 300 da wani abu, irin H310 ko B360. Ryzen 5000 da ya fito a 2020 yana aiki a bod B450, amma sai an sabunta BIOS, wato ɗan shirin da ke cikin bod mai tayar da kwamfuta kafin Windows, kuma da tsohuwar furosesar ake sabuntawa, sai dai in bod ɗin na da maɓallin yin hakan ta filash. Shi ya sa ba na son a sayar da tsohuwa kafin sabuwa ta tashi. Haka nan Intel mai F a ƙarshe, kamar i5-9400F, da Ryzen 5 3600, ba su da hoto a jikinsu, dole sai da kati.

Duk wannan bai yi ba? Zare wuta, cire ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, ka bar shi minti 5 ka mayar. BIOS zai koma yadda ya fito daga kamfani. In batirin ya tsufa, sa sabo.

Ta ukun ta fi sauƙi, tunda an ga tambari to kayan ciki na aiki. Shiga BIOS, da F2 a Dell, F10 a HP, Del a yawancin sauran, ka duba ko tana ganin dis ɗin da Windows ke kai, ka sa shi farko a jeri. In ba ta gani, duba wayoyinsa biyu, ta wuta da ta SATA. A wasu bod, sa SSD, sabon nau'in dis ɗin nan, a ramin M.2 yana kashe ɗaya ko biyu daga ramukan SATA, sai ka matsar da wayar zuwa wani. In kuma bayan cire batir ne Windows ya fara kawo shuɗin sikirin, saitin ne ya juya: mayar da shi tsakanin AHCI da RAID, ko tsakanin UEFI da Legacy, yadda yake da. Wani lokacin BitLocker, makullin da Windows ke sa wa dis, zai tare ka yana neman wata doguwar lamba mai alƙaluma 48. Ka shiga asusunka na Microsoft ta waya, galibi a can take. Kada ka bari wani ya yi saurin ce maka a yi fomat, domin har yanzu kayanka na nan.

Inda nake cewa mutum ya tsaya ya kawo wa mai gyara wuri biyu ne: in ya ji ƙaurin ƙuna, ko in ya ɗaga furosesa ya haska ya ga wasu ƙafafu sun kwanta. A Intel ƙafafun a ramin bod suke, sirara kamar gashi, a Ryzen na AM4 kuma a jikin furosesar. Ana miƙar da su da bakin allura da gilashin ƙara girma, amma wadda ta karye ta karye. In kuwa ka mayar da tsohon kaya ta tashi lafiya, sabon ne bai dace ba ko ya zo a mace, sai ka ɗauki hoton takardar jikinsa da lambar bod ɗinka, ka koma wurin mai shagon da su a canza maka.