Yadda nake ware rabon Allah tun hatsi na gona

Ran nan bayan an tashi sujada, wata ƙanwata a zumuntar mata, wadda ba ta fi shekara biyu a ɗakin miji ba, ta ja ni gindin bedi ta ce, "Yaya, ina son in riƙa bayarwa, amma duk sa'ad da aka miƙo kwanon baiko sai in tarar babu ko dala a bakin zanena. Ke yaya kike yi?" Na yi dariya, don ni ma na yi shekaru a haka. Ni ba mai kuɗi ba ce. Man gyaɗa da ƙuli-ƙuli nake yi a nan Maradi, maigidana yana ɗinki, muna da gona a hanyar Danja. Abin da na gaya mata a tsaye shi zan shimfiɗa a nan, ko wata za ta amfana.

Kada ki ce za ki bayar daga abin da ya rage. A gidan talaka babu abin da ke ragewa. Da fari ake cirewa, tun ido bai saba da shi ba. Mu ranar da aka gama ɗaurin gero, kafin amalanke ta zo, maigida yakan bi dammunan yana ƙirga, in ya kai na goma ya ja shi gefe. Ba ya zaɓen ƙarami, wanda ƙirga ta faɗa a kansa shi ke nan. Makwabtan gonarmu Musulmi ma haka suke fitar da zakkarsu, dami ɗaya cikin goma, don haka ba wanda ke mamakin ganinmu. A wurinmu tushen yana cikin Littafin Firistoci 27:30, inda aka ce ushirin amfanin ƙasa na Ubangiji ne. Dalilin yi a gona kuwa na gane shi da kaina: dami in ya shiga rumbu ya zama naki a zuci, fitar da shi sai ka ce cire haƙori.

Mai sana'a kuma ga tata hanyar. Bulus ya gaya wa Korintiyawa cewa kowace ranar farko ta mako kowa ya ware wani abu gwargwadon samunsa, ya ajiye (1 Korintiyawa 16:2). Ni gwangwanin madara nake da shi a ƙarƙashin gado. Ranar Litinin da Juma'a, in na dawo daga kasuwa, nakan zauna in fitar da kuɗin gyaɗa, da na inji, da na itace, da na ɗan kabu-kabu. Abin da ya saura shi ne riba, daga nan nake cirewa. In ribar jika biyu ce, wato dala ɗari huɗu, dala arba'in ta shiga gwangwani. Ki lura, daga riba na ce. Na san wadda ta riƙa cirewa daga uwar kuɗi don zafin zuciya, kafin wata shida jarin ya karye, ita da take bayarwa ta koma ana ba ta.

In ɗaya cikin goma ya yi miki nauyi a bana, fara da ɗaya cikin ashirin. Ba bulala ba ce. A 2 Korintiyawa 8:12 an ce ana karɓar baiko bisa ga abin da mutum yake da shi, ba abin da ba shi da shi ba. Ƙaramin da kike yi kowane mako ya fi babban da kika yi alkawari a gaban jama'a kika kasa cikawa.

Sai maganar maigida, kuma a nan na taɓa ƙona hannu. Ina amarya na ɗebi tiya biyar daga hatsin gandu na kai wa wata mata, ban gaya masa ba, ina ganin ai aikin Allah ne. Da ya gane, kwana uku ba ma magana sai gaisuwa. Ba rowa ce ta sa shi fushi ba. Ya riga ya auna hatsin nan ya san ranar da zai kai mu, ni kuma na ɓata masa lissafi a ɓoye. Tun daga nan muka raba: abin gamanata, wato ƴar gonata ta kaina, da ribar maina ni ke da iko da su, na gandu kuwa sai mun zauna mu biyu. Wadda mijinta bai yarda ba tukuna, ta yi da nata, ta bar nasa.

Yanzu ga inda na fi son ki buɗe kunne. Abin da muka ware ba ma kai shi duka ranar godiyar kaka. Kashi ɗaya muna kaiwa majami'a, don fasto ma yana da iyali, kuma akwai ɗalibai a makarantar Littafi Mai Tsarki da ikilisiyoyi ke ciyarwa. Ɗaya kashin muna riƙewa a gida, dabam da namu, har damina. Da kaka kowa yana da abin sawa a tukunya, ko wanda bai yi noma ba yana samun kala. Yunwa tana zuwa ne daga watan Yuni zuwa Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, ga noma ya kama, ga zazzaɓin cizon sauro yana kwantar da yara, tiya kuma ta yi tsada a kasuwa. Tiya ɗaya a watan Agusta ta fi uku a watan Oktoba daraja a cikin gidan da ba a hura wuta ba. Wasu kan ce ajiya rashin bangaskiya ce. To Yusufu fa? Kashi ɗaya cikin biyar ya sa aka tara har shekara bakwai a Masar, kuma Allah ne ya ba shi dabarar.

Ajiyar tana da nata sani. Gero ki bar shi a zangarniyarsa, ya fi jimrewa, sai lokacin rabo ya yi a sussuka. Wake kuwa shi ne mai ba da kunya. Wata shekara na zuba tiya takwas a buhun banza na jingine a ɗaki, da na buɗe a watan Yuni sai gari da ƙwari, ko akuya ta ƙi shi. Na zauna na yi kuka, don na riga na sa wa waken nan sunayen masu shi a raina. Yanzu nakan shanya shi ya bushe ƙarau, in zuba a buhun PICS mai ninki uku in ɗaure kowace leda dabam, ko in cika jarka har wuya in toshe bakinta. Iska ce ba a so ta shiga. Kada kuma ki riƙa buɗewa kina leƙawa.

Wa za a ba? Wanda ya fi buƙata sau da yawa ba ya roƙo. Ki duba gidan da hayaƙi bai tashi ba da yamma, da matar da ta daina zuwa zumunta don ba ta da sabulun wanke zane, da tsohon da ƴaƴansa suka tafi cin rani ba labari. Galatiyawa 6:10 ta ce mu yi wa kowa alheri, musamman ƴan'uwa masu bi. Kalmar "kowa" tana nan, ba a goge ta ba. Mu Kirista ƴan kaɗan ne a garin nan, katanga ɗaya muke da Musulmi, da babbar salla naman layyarsu yana shigowa gidana tun kafin azahar. Ba zan ga gwauruwar da ke bayan gidana tana kwana da yunwa in tsallake ta don ba ma sujada tare ba. Kuma ba na haɗa hatsina da wa'azi, kada ta ɗauka sayen ta nake so in yi.

Yadda ake miƙawa ya kusa fin abin da aka miƙa. Bayan magariba nake zuwa, da ƙwarya a rufe da faifai, ni da kaina, don yaro in ka aike shi unguwa duka ta ji. In mun gaisa sai in ce, "Inna, ga wannan a dama wa yara kunu," in kawo wata hira, in tashi. Ba na tsayawa jiran godiya, ba na ɗaukar hoto, balle in sa a WhatsApp na zumunta. Yesu ya ce kada hannun hagu ya san abin da na dama ke yi. Akwai kuma wadda ko a ɓoye ba za ta karɓa ba, kunya ba za ta bar ta ba. Irin wannan sai ki bi dabarar Bo'aza, wanda ya ce wa masu girbinsa su riƙa zare zangarku suna yar wa Rut da gangan, ta tsinta a matsayin kalarta. Ki kira ta sussuka ko ɓarar gyaɗa, ki biya ta fiye da yadda ake biya, ki yi shiru. Mai hali kuma ya ba da akuya habbanaye, irin na Fulani: ta haihu, ƴaƴan su zama na mai kiwo, uwar ta wuce wani gida.

Wani abu da ke ci mini rai shi ne wa'azin da ke yawo a wayoyi, wai ka "shuka iri" na jika goma Allah ya mayar maka da ɗari. Wannan ciniki ne, kuma Allah ba ɗan kasuwa ba ne. Na ga matar da ta ɗauki bashi a asusu, irin na Mata Masu Dubara da aka fara a jiharmu ta Maradi a 1991, ta kai wa wani mai wa'azi, wata uku ana bin ta bashi tana ɓuya. Kada ki ci bashi don ki yi baiko, kada ki ba da kuɗin maganin ɗanki. 1 Timoti 5:8 ta yi magana mai zafi a kan wanda bai kula da iyalinsa ba. Gwauruwar Zarefat da ta toya wa Iliya waina da ɗan garinta na ƙarshe, an ce garin bai ƙare ba, man bai ƙafe ba. Ba a ce ta wayi gari da rumbuna ba. Kullum ta sa hannu a tukunya ta sami na ranar, kamar yadda manna take sauka a jeji.

Na san haka ne a 2005. Damina ta 2004 ta yanke da wuri, fara ta ci abin da ta ci, buhun gero mai tiya arba'in ya kai wajen jika 30. Innata ta ce ba ta ga yunwa irin wannan ba tun yunwar El Buhari ta 1984. Namu ya ƙare a watan Yuli, sai tiya goma sha biyu na rabon Allah a kusurwar ɗaki. Daren nan ba mu yi barci ba. Maigida ya ce, "Mu ma ai yanzu mabukata ne." Gaskiya ya faɗa. Muka yi addu'a, muka raba biyu, shida muka kai gidaje biyu da suka fi mu shiga uku, shida muka ci, muka rubuta a matsayin bashi, muka biya da kaka. Ba wani buhu da ya faɗo daga sama. Na sayar da akuyata, muka ci tafasa da garin rogo har yara suka ƙi kallonsa. Sai wata safiya wani dattijo makwabcinmu, Musulmi, wanda ba mu taɓa ba shi ko allura ba, ya aiko da masara tiya huɗu daga wadda ɗansa ya kawo ta Jibiya. Na so in mayar don kunya. Maigida ya ce, "Ke da kika roƙa, an aiko, kuma za ki zaɓi ɗan aike?" Na karɓa. Wannan ma sai an koya: in naki juyin ya zo, ki faɗa wa dattawan ikilisiya ko shugabar zumunta, ki miƙa hannu biyu. A 2 Korintiyawa 8:14 haka aka tsara, yalwarku ta yau ta rufe rashinsu, tasu ta gobe ta rufe naku.

Ƙanwar nan tawa ta zo gidana makon jiya da gwangwanin tumatir, ta huda murfin da wuƙa, dala sittin a ciki. Ta ce, "Yaya, in kuɗin cefane ya yanke fa, in taɓa?" Na ce in ta taɓa ta rubuta a takarda ta jefa ciki, ranar kasuwa ta mayar. Ta ce ba ta iya rubutu sosai ba. Na ɗebo mata tsakuwa a tsakar gida, na ce kowace ɗaya dala biyar.