Kurakuran da ke kashe kaktus mai faffaɗan ganye a hannun mutanenmu

Kaktus ɗin nan mai faffaɗan ganye da ake cin ɗiyanshi, asalinshi daga ƙasar Meziko ne, har jikin tutarsu akwai shi, kuma yau Maroko da Tunisiya da yankin Tigray na Habasha duk suna nomanshi sosai, a Burazil kuma shanu ake ciyarwa da shi lokacin fari. Ƙasa irin tamu ta Daura da Mai'adua da Zango, jigawa mai rairayi ga rana ga ƙarancin ruwa, wallahi ta dace da shi, amma sai kaga mutum ya samo ya dasa wata ɗaya ya ruɓe, yace ai abin baya yi a nan. Yana yi, hannu ne ke ɓata shi.

Babban abinda ke kashe shi ruwa ne. Mun saba da dashen mangwaro da gwaiba, ka dasa ka bi da bokiti safe da yamma, to wannan ba haka yake ba. Ganyen nan kusan kashi 90 cikin 100 nashi ruwa ne, kuma da dare yake buɗe ƙofofin numfashinshi, da rana ya rufe don kada ruwan ya tsere, kenan da guzurinshi ya zo. In ka yanko ganye yau ka binne yau ka kwarara mashi ruwa, bakin yankan nan ɗanye ne, ta nan ruɓa ke shiga, kwana kaɗan sai kaga gindin yayi baƙi yayi laushi, ka taɓa da tsinke ya lotsa yana wari. Gyaran mai sauƙi ne, ka yanke a daidai gaɓa da wuƙa mai kaifi, ka zaɓi ganyen da ya ƙosa wanda ya kai shekara, ka ajiye a inuwa sati ɗaya zuwa biyu har bakin ya bushe yayi tauri, sannan ka binne kashi ɗaya cikin uku ko rabinshi a tsaye. Kada ka bashi ruwa a satuttukan farko. Wanda ya riga ya fara ruɓa kuma ka tumɓuke, ka yanke har inda yake da lafiya, ka sake shanyawa ka sake dasawa.

Wurin dashen ma haka. Fadama da ƙasar laka inda ruwa ke kwanciya a watan Agusta ba wurinshi bane, a tudu ake sa shi, ko a ɗaga kunya. Masu sawa a tukunya ko roba a tsakar gida dan Allah a huda ƙasan, a haɗa ƙasar da yashi, kuma a fito da shi rana, in yana cikin inuwa sababbin ganyen sirara suke fitowa marasa ƙwari.

Sai kuma waɗanda suka ji ance baya son wahala suka watsar da shi gaba ɗaya. Yana son taki, takin awaki ko na shanu da ya ruɓe ya huce, a zuba gefe kada ya taɓa jikinshi, bambancin girman a bayyane yake. Sannan shinge. A bazara da babu ɗanyen abu ko ɗaya a gari, akuya in ta samu nau'inshi marar ƙaya sai ta cinye shi har ƙasa, don haka shekara biyun farko sai an killace, kuma kai ma kada ka fara yanka kafin nan.

Wajen ba dabba ma ana kuskure mai tsada. Ba a ba tumaki ko shanu shi zalla, zawo zai sa su, don ruwa ne da sinadarin ba da ƙarfi amma sinadarin gina jiki kaɗan ne a ciki. A sassara ƙanana a haɗa da harawa ko karan dawa da dusa, a fara da kaɗan har cikinsu ya saba. Mai ƙaya kuma sai an babbaka ƙayar da wuta tukuna. Kuma a lura, tinya da ƙyarana da aguwa ba danginshi bane, su in ka yanka farin ruwa ke fita mai dafi da ke iya lahanta ido, shi kuwa ruwanshi yauƙi ne garai-garai. Duk wanda ya fidda farin ruwa kada a kai shi gaban dabba.

Ko wanda ake ce ma marar ƙaya yana da wasu ƙananan ƙayoyi da ido baya gani sosai, musamman jikin ɗiyan, yara su ne suka fi shan wahalarsu. A tsinki ɗiyan da safe da safar hannu ko tsumma mai kauri, a goge a wanke sannan a fere. In ƙayoyin sun shiga fata a cire da matsefata ko a manna salatef a ɗaye, susa ƙara tura su ciki take. Kuma kada a cika ciki da ɗiyan, ƙwayoyin da ke cikinsu suna ɗaure bayan gida.

In kaga wani farin abu kamar auduga ya manne a jikin ganye, ka murje kaga ja kamar jini, ƙwaro ne, kada ka jira. Irinshi ya shiga Maroko a 2014 yayi ɓarna mai yawa a gonakinsu. A yanke ganyen da ya kamu a ƙone ko a binne da zurfi, kuma kada a karɓi iri daga gonar da ake ganinshi.

Guntayen da aka yanke ma kada a watsa su a bola ko bakin gonar maƙwabci, duk wanda ya taɓa ƙasa saiwa zai yi. A Ostireliya wani nau'i mai ƙaya ya taɓa mamaye miliyoyin hekta har manoma suka bar gonakinsu, sai da aka kawo wani ƙwaro daga Ajantina aka saki a 1926 sannan aka shawo kanshi. Shi yasa in zaka nemi iri ka nemi marar ƙaya, ragowar yankan kuma ka ba dabbobi ko ka shanya ya bushe ƙarau ka ƙone.