Sababbin zuwa Birtaniya: kafin ku bar yaro a hannun kowa

A watannin farko hankalin kowa yana kan haya, aiki da makarantar yara. Maganar masu lalata da ƙananan yara ba ta cikin lissafi, alhali a lokacin ne ƙofa ta fi zama a buɗe. Iyali sun kama ɗaki a gidan da suke raba kicin da banɗaki da mutum uku da ba su sani ba. Maigida yana aikin dare, uwargida tana fita ƙarfe shida na safe. Sai wani ya ce, "Haba Yaya, ku bar min su mana, ai duk ɗaya ne." Don yana jin Hausa sai a ɗauke shi ɗan'uwa, ko da sati uku ke nan da saninsa. Yawancin masu irin wannan tayi mutanen kirki ne. Sai dai masu aikin kare yara sun daɗe suna nanata cewa mafi yawan yaran da aka yi wa lalata, wanda suka sani kuma aka amince da shi ne ya aikata, ba baƙon kan titi ba.

Ƙungiyar kare yara da za ku fi jin sunanta ita ce NSPCC, wadda tushenta ya faro a Landan tun 1884. Babba zai iya kiranta a 0808 800 5000 ko da zargi kawai yake yi, kuma ba dole ya faɗi sunansa ba. Yara kuma suna da nasu layin, Childline, da aka kafa a 1986: 0800 1111, kyauta ne, ba ya fitowa a takardar kuɗin waya. Ku sa yaranku su haddace shi.

NSPCC tana da wani darasi da makarantun firamare da yawa ke koyarwa, mu kira shi dokar kamfai: abin da kamfai ya rufe na yaro ne shi kaɗai, yana da ikon cewa a'a ko ga babba, sirrin da ke sa shi baƙin ciki kuwa ba a riƙe shi. Ranar da 'yarki mai shekara biyar ta dawo tana kiran sassan jikinta da sunayensu, kada ki kwaɓe ta da "ke, ba ki da kunya?" Yaron da aka hana sunan abu, ranar da aka taɓa shi a wurin ba shi da bakin faɗa. Mai ɓarna kuwa kunyar nan yake lissafawa.

Na san abin da ke rufe bakin mutanenmu: tsoron "soshiyal za su ƙwace min yara". A Ingila, ƙarƙashin dokar yara ta 1989, ma'aikacin soshiyal, wato jami'in ƙaramar hukuma mai kula da walwalar yara, ba ya ɗauke yaro sai da umarnin kotu ko yardar iyaye. 'Yan sanda ne ke da ikon killace yaro cikin gaggawa, shi ma bai wuce awa 72 ba. Iyayen da suka kai ƙara da kansu, ana kallonsu a matsayin masu kare ɗansu. Waɗanda suka sani suka rufe su ne ke shiga uku. In kuna son wanda ya san halinmu, akwai AFRUCA, wadda wata 'yar Najeriya, Debbie Ariyo, ta kafa a 2001 bayan kisan Victoria Climbié, yarinya 'yar Kwaddibuwa da ta mutu a Landan a 2000 a hannun masu riƙonta. Aikinsu da iyalan Afirka ne.

Malamin lesin da zai shigo gida, kocin ƙwallo, islamiyyar Asabar da Lahadi, duk ku tambayi takardar DBS, wadda ke nuna ko an taɓa samun mutum da laifi ko an hana shi aiki da yara. Doka ba ta tilasta wa kowane malamin lesin mallakarta ba, saboda haka tambayar taku ce. Malamin kirki ba zai ji haushi ba. In kuma hankalinku bai kwanta da wani mai mu'amala da yaronku ba, a Ingila kuna da damar zuwa wurin 'yan sanda ku nemi a duba tarihinsa. Ana kiran tsarin dokar Sarah.

Waya ita ma ƙofa ce. In an yaudari matashi ya tura hoton tsiraicinsa ana yi masa barazana, kada a biya ko sisi. Childline da gidauniyar IWF, mai aikin cire hotunan lalata da yara daga intanet, suna da hanyar da ake kira Report Remove, da ɗan ƙasa da shekara 18 zai bi a goge hoton daga intanet. Akwai kuma layin Stop It Now, 0808 1000 900, ga wanda halin wani na kusa da shi ke damunsa, ko ma tunanin kansa, kuma ba a tambayar suna.

Ranar da yaro ya buɗe baki, ku danne zuciya. Kada a yi salati da kururuwa a gabansa, zai ɗauka shi ya yi laifi ya haɗiye sauran maganar. Ku ce masa kun yarda da shi. Kada ku tsare shi da tambayoyi, ku rubuta abin da ya faɗa da kalmominsa. Kada a tunkari wanda ake zargi, kada a tara manya a sasanta, wannan ba rikicin bashi ba ne. In haɗarin na nan kusa ku kira 'yan sanda a 999, in ba haka ba a 101, ko ku je makaranta da safe ku nemi malamin da ke kula da tsaron yara, kowace makaranta tana da shi. In Turanci na ba ku wahala, ku ce a nemo muku tafinta.