Yadda Ake Ziyartar Garin Henley da ke Bakin Kogin Thames a Ingila

Yawancin waɗanda suke zuwa Ingila daga ƙasashenmu, ko don karatu ko don ziyarar 'yan uwa, a Landan suke ƙare kwanakinsu, alhali akwai ƙananan garuruwa masu tsohon tarihi waɗanda mutum zai iya zuwa ya dawo a wuni guda. Henley-on-Thames na cikinsu. Gari ne da ke gundumar Oxfordshire, a yamma da Landan, wanda kogi da kasuwa suka gina shi: tun ƙarni na 13 ake cin kasuwa a cikinsa, kuma daga mashigarsa ake loda hatsi da katako a jiragen ruwa ana kai su Landan. Wanda ya tsara tafiyarsa a kan waɗannan abubuwa biyu, wato kasuwar da kogin, zai ga garin yadda ya kamata.

Abu na farko shi ne zaɓen rana. Kasuwar garin ranar Alhamis take ci, kamar yadda kasuwannin ƙauyukanmu suke da ranarsu a mako, saboda haka in da hali a tafi ranar Alhamis, a kuma isa kafin azahar, domin 'yan kasuwar ba sa kaiwa yamma sosai. Lokacin shekara ma yana da muhimmanci. Daga Mayu zuwa Satumba wuni yana da tsawo, har rana kan wuce ƙarfe tara na dare ba ta faɗi ba a watan Yuni, amma a Disamba duhu yana shiga tun wajen ƙarfe huɗu na yamma, ga sanyi, ga taɓo a hanyoyin bakin kogi. Akwai kuma mako guda da ya kamata a yi tunani a kansa tun da wuri, wato makon gasar tseren kwale-kwale ta Henley Royal Regatta, wadda ake yi a wajen farkon Yuli. An fara ta a 1839, kuma ta sami lakabin sarauta a 1851 lokacin da Yarima Albert, mijin Sarauniya Victoria, ya zama uban gasar. A makon nan garin yana cika maƙil, jiragen ƙasa suna cunkushewa, masauki yana tsada. Idan gasar ce ta kawo ka, to madalla. Idan kuwa garin kake son gani, ka kauce wa wannan makon.

Sai maganar hanya. Daga Landan ana tashi ne daga tashar Paddington, a hau jirgin ƙasa mai zuwa wajen Reading, a sauka a Twyford. A nan ake sauya jirgi a shiga ƙaramin layin da ke bi ta Wargrave da Shiplake ya ƙare a Henley, tafiyar da ba ta kai kwata ɗaya na awa ba. Gaba ɗaya abin yana ɗaukar kimanin awa guda. Katin Oyster da ake amfani da shi a cikin Landan ba ya aiki zuwa can, saboda haka a sayi tikitin zuwa da dawowa, kuma tikitin da ake amfani da shi bayan cunkoson ma'aikata na safe ya fi sauƙin kuɗi. Mota ba dole ba ce, domin garin ƙarami ne kuma wurin ajiye mota na kuɗi ne.

Kafin a bar gida a tanadi takalmi mai ƙwari da rigar ruwa mara nauyi, ko da gari ya waye da rana, domin yanayin Ingila ba shi da tabbas. Musulmi ya duba lokutan salla na wannan ranar, tunda suna sauyawa ƙwarai tsakanin lokacin zafi da na sanyi, ya kuma ɗauki ƙaramar darduma. Masallatai suna Reading, wanda ba shi da nisa, amma filayen ciyawa na bakin kogi suna da faɗi da tsabta ga wanda lokaci ya riske shi.

Idan ka sauka daga jirgi, ka fara da kasuwa kafin ka gangara bakin ruwa. Daga tasha ka nufi tsakiyar gari zuwa dandalin da ake kira Market Place, inda za ka ga babban zauren majalisar gari, wanda aka gina da jan bulo a farkon ƙarni na 20, yana fuskantar rumfunan 'yan kasuwa. Ana sayar da kayan lambu, da 'ya'yan itatuwa, da burodi, da cuku, da kifi, da furanni. Ba a ciniki a irin wannan kasuwa, farashin da aka rubuta shi ake biya, kuma mutane suna bin layi ko da su uku ne kawai. Game da abinci a yi hattara: tsiran alade da naman da aka cusa cikin burodi suna da yawa a rumfuna, kuma wasu gidajen abinci suna zuba giya a ƙullun da suke soya kifi da shi, saboda haka a tambaya kafin a saya. Ba wanda zai ji haushin tambayar.

Daga kasuwa ka gangara ta titin Hart Street, wanda yake da faɗi da tsofaffin gidaje, har ka iso cocin St Mary mai dogon hasumiya na ƙarni na 16. A bayansa akwai wani gidan katako da ake kira Chantry House, wanda yana cikin gine-gine mafi tsufa a garin. Taku kaɗan gaba sai gadar Henley, ta dutse mai baka biyar, wadda aka kammala a 1786. A tsakiyarta, ta kowane gefe, akwai fuskar da wata mai sassaƙa, Anne Seymour Damer, ta sassaƙa, sai dai ba a ganinsu daga kan gadar, sai an sauka bakin ruwa an waiwayo. Hanyar masu tafiya a ƙafa a kan gadar siririya ce, motoci kuma a hannun hagu suke tafiya, don haka mai tsallaka titi ya fara duba damansa.

A gadar nan ne za ka yanke shawarar inda za ka bi, kuma ƙarfin ƙafarka ne zai yanke maka. Mai yara ko dattijo ya bi gefen garin ya nufi kudu ta filin shaƙatawa na Mill Meadows har zuwa Marsh Lock, tafiyar da ba ta wuce rabin awa ba a hankali. A can akwai doguwar gadar katako da aka gina a kan ruwa, da kuma ƙofofin ruwa da ake ɗaga jirage da su. Yadda abin yake aiki ya cancanci a tsaya a kalla: jirgi yana shiga wani ɗan kwari mai ƙofa gaba da baya, a rufe ƙofar bayansa, a saki ruwa ya cika kwarin ko a rage shi har ya yi daidai da ruwan da ke gaba, sannan a buɗe ɗaya ƙofar jirgin ya wuce. Da irin waɗannan ƙofofi ne aka mayar da Thames hanyar fatauci.

Wanda kuwa yake da ƙarfi, hanya ta biyu ta fi armashi a ganina. Ka tsallaka gadar Henley zuwa gefen gundumar Berkshire, ka juya hagu ta kusa da ƙungiyar 'yan tuƙin kwale-kwale ta Leander, wadda aka kafa a 1818, ka bi bakin kogi ka nufi arewa. Wannan miƙaƙƙen yanki shi ne filin gasar, mai tsawon mita 2,112, kuma a nan aka yi tseren kwale-kwale na wasannin Olamfik a 1908 da 1948. Za ka wuce tsibirin Temple Island, mai ɗan farin gini na 1771, inda ake fara tseren, sannan ka kai ƙofofin ruwa na Hambleden Lock, wajen kilomita huɗu daga gadar Henley. Tsakanin nan da gadar Henley ne jami'o'in Oxford da Cambridge suka yi tserensu na farko a 1829. Ka riƙa ɗaga kai a hanya, domin yankin cike yake da wata irin shirwa mai jan gashi da rababben wutsiya, wadda ta ɓace a Ingila kafin a sake kawo ta tsaunukan Chiltern daga 1989. Idan ka buɗe ƙofar shinge ka rufe ta bayanka saboda dabbobin manoma, kuma kada ka matsa kusa da manyan fararen agwagin nan masu dogon wuya idan suna tare da 'ya'yansu.

Wanda ya fi son ganin kogin daga kan ruwa zai tarar da kamfanin Hobbs of Henley, wanda yake aiki tun 1870, kusa da tashar jirgin ƙasa. Suna zagayawa da mutane a jirgi a lokacin zafi, suna kuma ba da hayar ƙananan kwale-kwale. Wanda bai iya iyo ba ya shiga babban jirgin kawai, domin ruwan yana da sanyi da zurfi.

Game da komawa, tun da ka sauka da safe ka duba allon tasha ka rubuta lokutan jiragen yamma. Shaguna da yawa suna rufewa tsakanin ƙarfe biyar da shida, kuma ƙaramin layin Twyford ba ya tashi akai-akai kamar jiragen cikin Landan, saboda haka wanda ya tafi Hambleden ya ware aƙalla awa guda ta dawowa a ƙafa zuwa tasha.